Yadda Ake Koyon Aikin Sulhunta Iyali a Kotu

Kaso mai tsoka na ƙararrakin da ke shiga kotunan shari'ar Musulunci a arewacin Najeriya na cikin gida ne. Mace tana neman ci da sha, miji yana neman a dawo masa da matarsa da ta yi yaji, an rabu ana jayayya kan wanda zai riƙe yara, ko 'yan'uwa sun kasa raba gidan gado. Alƙali yana da ikon yanke hukunci a kan kowanne, sai dai hukunci ba ya sa uba ya riƙa biyan kuɗin makaranta da daɗin rai, ba ya kuma sa surukai su ci gaba da gaisawa a wajen biki da ta'aziyya. Nan ne ake buƙatar mai sulhu, mutumin da kotu ko masu rigimar da kansu ke sa wa a tsakani, ya taimaka musu su yi magana har su kai ga matsayar da ta fito daga bakinsu.

Sulhu tsohon abu ne a wurinmu. Mai unguwa yana yi, liman yana yi, waliyyai da gwaggonni suna yi, tunda zo mu zauna, zo mu saɓa ne. Amma sau nawa ake tashi daga irin wannan zama da cewa "ki yi haƙuri, aure ibada ne", a mai da mace ɗakinta ba a taɓa abin da ya fito da ita ba, bayan wata uku ta sake fitowa? Furfura da ilimi da kyakkyawar niyya duk ana so, amma ba su wadatar ba. Sulhun iyali sana'a ce da ake koya, kuma ana auna gwaninta da abu biyu: matsayar da aka cim ma ta ɗore, sannan ba a danne mai rauni kafin a kai gare ta ba, ko komawa aka yi ko rabuwa.

Inda ake yin aikin

Kafin ka nemi horo, ka san wuraren da za ka yi amfani da shi, domin kowanne da dokarsa.

Na farko kotunan shari'ar Musulunci. Aure da saki da riƙon yara da gado da wasiyya na Musulmi duk suna zuwa nan, kuma sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumin duba su. Alƙalai kan ɗage ƙara su ce a je a sasanta a dawo. Tushen wannan yana cikin aya ta 35 ta Suratun Nisa'i, inda aka yi umarnin naɗa masu shiga tsakani biyu, ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata, idan aka ji tsoron ɓaraka.

Na biyu manyan kotunan jiha. Wanda ya yi auren rajista, Babbar Kotu ce kaɗai ke iya raba aurensa, a ƙarƙashin dokar shari'un aure ta 1970, kuma dokar ta ɗora wa alƙali nauyin duba yiwuwar sasantawa. Dokar 'yancin yara ta 2003 kuwa ta tanadi Kotun Iyali a matakin Babbar Kotu da na Majistare, jihohi kuma suka yi nasu dokokin a kan wannan. A gefen waɗannan kotuna akwai cibiyoyin sulhu da ake kira Multi-Door Courthouse, wato kotu mai ƙofofi da yawa. An buɗe ta farko a Legas a 2002, ta Abuja a 2003, ta Kano a 2009. Alƙali na iya tura ƙara can, mutum ma na iya shiga da ƙafarsa ba tare da ya kai ƙara ba.

Na uku wuraren da ba kotu ba, amma suke tare rigima kafin ta kai kotu: ofisoshin Hisba, Zauren Sulhu, fadar dagaci da ta hakimi, ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN, da Hukumar Ba da Agajin Shari'a wadda aka kafa a 1976. A Jamhuriyar Nijar ma doka ta ba sarakunan gargajiya ikon sasanta mutane a al'amuran al'ada tare da rubuta abin da aka amince a kai.

Ka bambanta matsayinka da na wasu tun daga farko. Alƙali yana hukunci. Hakamai biyu, wato masu shiga tsakanin nan da alƙali ya naɗa daga dangin miji da na mata, a mazhabar Malikiyya, suna da ikon raba aure idan gyara ya gagara. Mai sulhu ba shi da wannan iko. Abin da ke hannunsa shi ne tsarin zaman, matsaya kuwa ta masu rigimar ce.

Wanda aikin ya dace da shi

Ba sai lauya ba. Masu shiga wannan horo sun haɗa da malaman makaranta, ma'aikatan jin daɗin jama'a, limamai, ma'aikatan kotu, jami'an Hisba, malaman Islamiyya mata, da waɗanda suka yi ritaya. Abin da ya fi takarda muhimmanci hali ne. Ka tambayi kanka: in an gaya mini sirri, yana kwana a cikina, ko sai na gaya wa iyalina? Zan iya sauraron mutum minti goma yana faɗin abin da na tabbata kuskure ne ban katse shi ba? In mai kuɗi da talaka suka zauna a gabana, fuskata ɗaya ce gare su? Wanda ya ga yana da rauni a nan, to daga nan karatunsa zai fara.

Ana matuƙar buƙatar mata a wannan aiki. Akwai maganar shimfiɗa, da ta haihuwa, da ta ciwon da ke ɓoye a ƙarƙashin mayafi, waɗanda mace ba za ta faɗa wa namiji baƙo ba ko za a kwana ana tambaya. Zaman da ya fi yin kyau a rigimar aure shi ne wanda namiji da mace suka jagoranta tare.

Ilimin da za ka fara tanada

Ba a son ka zama mufti, ana son ka san iyakar da sulhu ba ya ƙetarewa. Ƙa'idar malaman fiƙihu ita ce sulhu ba ya halatta haram, ba ya haramta halal. Don haka ka zauna gaban malami ka karanci babin aure da saki da idda da ciyarwa da riƙon yara da gado. Risala ta Ibn Abi Zaid ta ishe ka farawa, daga nan ka leƙa Mukhtasar na Khalil da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, waɗanda alƙalanmu ke dogara da su. Mai son karatun aji zai samu a Kwalejin Shari'a da Nazarin Addinin Musulunci ta Aminu Kano, ko Cibiyar Nazarin Shari'ar Musulunci ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya.

Ga misalan abin da rashin saninsa ke jawo ɓarna. Saki ɗaya ko biyu na kome, miji na iya mai da matarsa cikin idda ba tare da sabon sadaki ba. Idan idda ta ƙare, sai da yardarta da sabon ɗaurin aure da sabon sadaki. Bayan saki na uku kuwa babu zancen komawa, komai yawan masu roƙo, sai ta auri wani mijin sun rabu. Saboda haka tambayar farko a kowace rigimar saki ita ce: saki nawa aka yi, yaushe, da wane lafazi? In an yi gardama a kan wannan, ba teburinka ake warware ta ba, sai a koma gaban alƙali.

Haka nan khul'i. Mace na iya fansar kanta ta mayar da sadaki ko abin da aka daidaita a kai. Amma a Malikiyya, macen da ta tabbatar wa kotu cewa ana cutar da ita, alƙali na iya raba auren ba tare da ta biya ko sisi ba. Mai sulhun da bai san wannan ba zai iya lallashin wadda ake duka ta sayar da kayan ɗakinta ta biya wanda ya dake ta, yana ganin ya yi aikin lada.

Riƙon yara ma haka. Al'ada a wurare da yawa ita ce uba ya karɓe yaro da zarar an yaye shi. A fiƙihun Malikiyya kuwa uwa ce ta fi cancanta, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare, kuma in haƙƙin uwa ya faɗi, misali ta auri wanda ba muharramin yaron ba, to kaka ta wajen uwa ce ke biye. Ciyarwa tana kan uba duk inda yaron yake.

Ta ɓangaren dokar ƙasa, ka karanta dokar shari'un aure ta 1970, da dokar kare yara ta jiharku, da dokar hana cin zarafin mutane ta 2015 ko irinta da jiharku ta yi. Garuruwanmu akwai Kiristoci, akwai auren da ya haɗa ƙabila biyu ko addini biyu, kuma kowa ya zo gabanka yana da haƙƙin a yi masa aiki da dokar da aka ɗaura aurensa a kanta.

Kwas ɗin horo

Babbar ƙungiyar masu wannan sana'a a Najeriya ita ce ICMC, cibiyar ƙwararrun masu sulhu da sasanci da aka kafa a 1999. Tana gudanar da kwas a garuruwa daban-daban, tana ba da shaidar zama mamba mataki-mataki. Cibiyoyin Multi-Door su ma suna horarwa, kuma suna da jerin sunayen masu sulhun da suke tura wa ƙararraki. Mai son zurfafa karatu zai iya yin digiri a nazarin zaman lafiya da warware rikici, kamar wanda Jami'ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa ke bayarwa, amma digiri ba ya maye gurbin horon aiki.

Ma'aunin da aka fi sani a duniya na kwas ɗin farko shi ne awa 40. Kafin ka biya kuɗi, ka yi tambayoyi huɗu. Awa nawa ne na gwaji, inda ɗalibai ke kwaikwayon masu rigima kai kana sulhunta su? Wa zai zauna ya kalle ka ya ba ka maki? Cibiyar sulhu ta jiharku tana karɓar wannan takarda? Akwai darasi na musamman kan iyali? Kwas ɗin da lacca ce zalla daga safe zuwa yamma a ba ka satifiket, asarar kuɗi ne. Aikin kamar ɗinki yake, sai ka hau keke ka ɓata yadi kafin hannunka ya faɗa.

Ka sani cewa yawancin waɗannan kwasa-kwasai da Turanci ake yi, misalansu kuma na kwangila da bashin banki ne. Dokar sasanci da sulhu ta tarayya da aka sa wa hannu a watan Mayun 2023 ma ta fi karkata ga harkar kasuwanci, ko da yake ta ƙarfafa abu biyu da suka shafi kowane mai sulhu: sirrin abin da aka faɗa a zama, da ƙarfin yarjejeniyar da aka sa wa hannu. Ya rage naka ka haɗu da abokan karatu biyu ko uku ku riƙa gwaji da Hausa, da rigimar kishiya da ta kuɗin cefane da ta uwar miji, har kalmomin su zauna a bakinka.

Zaman sulhu daki-daki

Kada ka taɓa haɗa su ɗaki ɗaya a ranar farko. Ka gana da kowa shi kaɗai. A nan za ka ji labarin kowa, ka gane ko da yardarsa ya zo ko turo shi aka yi, ka kuma bincika ko akwai duka ko barazana.

Ranar zama, ka kula da wuri. Kujeru iri ɗaya, nisansu da kai ɗaya. Idan miji na kan kujera mata na durƙushe a tabarma, an gama zaman tun ba a fara ba. Ka rage 'yan rakiya: mutum ɗaya daga kowane ɓangare ya isa, shi ma da yardar mai shi. Sau da yawa wutar ba tsakanin ma'auratan take ba, tana hannun wata yaya ko wani kawu, kuma in ka bari su ne za su cinye zaman.

Ka buɗe da bayani a taƙaice, misali: "Malam, Malama, ni ba alƙali ba ne, ba zan ce wane ke da gaskiya ba. Abin da kuka faɗa a nan, a nan zai tsaya, sai dai in ran wani ko lafiyar yaro na cikin haɗari. Kowa zai yi magana ba a katse shi ba. Duk wanda ya ga ba zai iya ci gaba ba, yana da damar tashi, ƙofar kotu a buɗe take."

Daga nan sai sauraro, kuma a nan ne horo ke nuna kansa. Mu ɗauki misali. Matar ta ce: "Mutumin nan ba ya komai sai yawo, ko ƙwayar shinkafa ba ya kawowa." Mijin ya zabura: "Ba ta da godiya ne, uwarta ke zuga ta." Wanda bai koyi aikin ba zai fara wa'azi, ko ya tsaya binciken wa ke ƙarya. Wanda ya koya zai cire dafin maganar ya mayar musu da abin da ke ƙarƙashinta: "Malama, in na fahimce ki, abin da ya fi damunki shi ne gari na wayewa ba ki san ko za a ɗora tukunya ba. Haka ne?" Sai ya jira ta amsa. "Malam, kai kuma kana so maganar gidanka a fara yin ta da kai kafin ta fita waje. Na faɗa daidai?" Yanzu zagi biyu sun zama buƙata biyu, kuma buƙata ana iya tattauna ta.

Sai tambayoyi su biyo baya. Me gidan ke ci a mako? Yaya samu yake shigowa? A nan za a iya gano cewa mijin direban Adaidaita Sahu ne, kullum sai ya fara cire kuɗin mai da na mai keke kafin ya ga nasa, ranar da keke ya lalace kuma babu komai. Ka ga ke nan alkawarin buhun shinkafa duk wata ba zai cika ba, amma kuɗin cefane kowace safiya da awo kowace Juma'a zai yiwu. Kada kai ka kawo wannan shawara. Ka tambaye su me suke gani zai yiwu, ka rubuta duk abin da suka kawo, sannan ku auna su ɗaya bayan ɗaya. Mutum ya fi riƙe alkawarin da ya fito daga bakinsa.

Idan magana ta cije, ka raba su ka gana da kowa a keɓe, lokaci daidai wa daida. Abin da aka gaya maka a keɓe ba ka kai wa ɗaya ɓangaren sai da izini.

Ka yi hattara da kunya. Mace da yawa a gaban mahaifinta ko surukinta za ta sunkuyar da kai ta ce: "Duk yadda kuka yanke daidai ne." Kada ka ɗauki wannan a matsayin yarda. Ka dakata, ka nemi ganawa da ita tare da mace 'yar'uwarta, ka tambaye ta me take so ita da kanta. Namiji ma yana da tasa kunyar. Wanda aikinsa ya tsaya ko lafiyarsa ta gaza zai gwammace ya yi faɗa da ya furta a gaban jama'a.

Inda za ka tsaya

Akwai rigimar da ba ta sulhu ba ce, kuma sanin wannan na daga cikin manyan darussan horo. Idan akwai duka mai maimaituwa, ko barazanar kisa, ko an ci zarafin yaro, ko fyaɗe, ko ɗayansu yana rawar jiki in ɗayan ya ɗaga murya, to ba a zaunar da su a ce su daidaita. Tsoro ba ya barin mutum ya yi ciniki a kan haƙƙinsa. Haka in ɗayansu ƙwaya ta rinjaye shi, ko yana fama da taɓin hankalin da ya hana shi fahimtar abin da zai sa wa hannu.

Ka koyi yin tambayar kai tsaye a ganawar farko: "Ya taɓa ɗaga miki hannu? Kina jin tsoron komawa gida yau?" Ka tanadi lambobin asibiti, da ofishin jin daɗin jama'a, da 'yan sanda, da lauyoyin da ke taimako kyauta. Laifi irin su fyaɗe ba a kashe su da tara a zaure don a rufa asiri. Za a matsa maka, manya za su kira ka su ce kada ka tona gida. Ka ba su girmansu, ka tsaya a kan bakanka. Mai da mace inda ake karya ta ba gyaran aure ba ne.

Maganar yara

Yara ba sa zaune a teburin, amma su ne za su fi kowa daɗewa da abin da aka yanke. Idan aure ba zai gyaru ba, aikinka bai ƙare ba, sai ma ya ƙaru. Ka ja hankalin iyayen daga "wa zai ci" zuwa tambayoyin yau da gobe. A ina yaron zai kwana? Wace makaranta, ta boko da ta Islamiyya, wa zai biya? In ya yi zazzaɓi da dare wa za a kira? Ina zai yi ƙaramar Salla, ina zai yi babba? Wa zai kai shi, wa zai ɗauko shi? Ka nemi su yi alkawarin ba za su zagi juna a gabansa ba, ba za su mai da shi ɗan aike ko ɗan leƙen asiri ba. Kada a tsayar da yaro a gaban iyayensa a ce ya zaɓi ɗaya.

Rubuta yarjejeniya

Sulhu da yawa yana rushewa ne saboda an tashi da "zai riƙa ƙoƙari" da "za ta gyara halinta". Waɗannan ba sa aunuwa. Kowane layi ya amsa tambaya huɗu: wa zai yi, me zai yi, nawa, yaushe. A rubuta adadin kuɗin cefane da lokacin bayarwa, kwano nawa na masara ko shinkafa a mako, kuɗin makaranta kafin wace rana, ta hannun wa ko ta wane asusu. In akwai kishiya, a rubuta rabon kwana. In rabuwa ce, a lissafa kayan ɗaki da ranar kwashewa, da ciyarwar idda inda ta wajaba. A saka abin da za a yi in farashi ya tashi ko wani ya saɓa, da ranar da za a dawo a duba.

Ka karanta musu da harshen da suke ji, layi-layi, musamman in ɗayansu ba ya karatu. Ka ba su damar nuna wa lauya ko malami ko waliyyi kafin sa hannu. Kowa ya tafi da kwafinsa. Idan kotu ce ta turo su, a mayar wa alƙali ya tabbatar da ita. A cibiyoyin Multi-Door, da zarar alƙalin da ke kula da sulhu ya sa hannu, yarjejeniyar ta zama hukuncin kotu da za a iya tilasta aiwatarwa.

Bayan an karɓi satifiket

Takarda izinin fara koyo ce. A Ingila, mai sulhun iyali ba ya samun cikakkiyar shaida bayan kwas sai ya yi aiki a ƙarƙashin kulawar gwani ya gabatar da bayanan rigingimun da ya sasanta. Ko ba a tilasta maka haka ba, ka ɗora wa kanka. Ka nemi tsohon hannu ka zauna a bayansa kana kallo, da izinin masu rigimar, domin gani ya kori ji. Daga nan ku yi tare, sannan ka yi shi yana kallo. Ka riƙe littafi kana rubuta abin da ya yi kyau da inda zama ya kuɓuce maka, ba tare da sunan kowa ba. Sai ka nemi a sa sunanka a jerin masu sulhu na cibiyar jiharku, ka kuma gabatar da kanka ga rajistaran kotu da ofisoshin da ke karɓar koken iyali.

Kada ka shiga da tunanin arziki. Akasarin masu rigimar iyali talakawa ne, kuma da yawan masu wannan aiki suna haɗa shi da wata sana'a. Inda ake biya, a faɗi kuɗin tun farko a gaban kowa.

Akwai dokokin mutunci da ba a sassauta su. Kada ka karɓi kyauta daga ɓangare ɗaya, ko da goro ne a bayan ido. Idan ɗayansu ɗan'uwanka ne, ko abokin cinikinka, ko maigidanka, ka faɗa ka janye. Kada ka ba da labarin zama a majalisa ko a WhatsApp, ko da ka ɓoye suna, domin unguwa ƙarama ce. Kuma macen da ta zo gabanka da rigimar aurenta amana ce. Wanda ya mai da ita abar nema bayan an rabu ya ci amanar, ya kuma zubar da mutuncin duk masu aikin.

Aikin yana da nauyi a zuciya. Za ka ji abubuwan da za su hana ka barci, za a zarge ka da raba aure, za a zarge ka da son kai daga ɓangarorin biyu a rana ɗaya. Ka samu abokin sana'a da za ku riƙa tattaunawa, kuma ka san ranar da ya kamata ka huta.

In ka ƙudurta farawa, ga abin yi a wannan watan. Ka je kotun shari'a ko ta majistare mafi kusa ka zauna ka saurari ƙararrakin iyali na 'yan kwanaki. Ka sami malami ku buɗe babin aure. Ka je cibiyar sulhu ta jiharku ka tambayi kwas na gaba da sharuɗɗansa. Gidajen da ke tangal-tangal a unguwanninmu suna da yawa, masu ba da haƙuri ma suna da yawa. Waɗanda suka yi ƙaranci su ne masu iya zaunar da mutum biyu, su ji kowa har ƙarshe, su tashe su da takardar da kowannensu zai iya cikawa ba tare da an zalunce shi ba. Wannan ana koyonsa, kuma ya cancanci a ba shi shekarun da yake buƙata.